Yaron ya iya lissafi, tambayar ce bai iya karantawa ba

Ni malamar lissafi ce, ko in ce tsohuwar malama, tunda na ajiye alli. A sakandare na yi yawancin aikina, kuma na daɗe ina cikin waɗanda ake kira duk ƙarshen shekara su duba takardun jarrabawar kammala makaranta. Don haka in ana zancen lalacewar ilimi, ni ba a rediyo na ji ba. Ta hannuna ya riƙa wucewa, ƙunshi bayan ƙunshi, ina bin sa da jan biro. Abin da ya sa na ga ya dace in ba da nawa labarin shi ne, duk inda aka zauna wannan hira, wuri ɗaya take tsayawa: yaran yanzu ba su da kai, ba sa son karatu, waya ta cinye su. Sai kowa ya gyaɗa kai a tashi. Abin da idona ya gani ya sha bamban da wannan.

Bari in fara da nawa zamanin, tunda shi ake yawan yi wa kirari. Gaskiya ne an koya mana. Malaminmu na aji uku ba ya fara komai da safe sai an yi shifta, bayan ita kuma lissafin ka, yana jefo tambaya yana nuna mutum da tsinin rula. Duk mako sai ya kira kowannenmu gaban teburinsa, ya ɗora yatsa a kan layi ya ce, "Karanta min nan." Babu wurin ɓuya. Ajin ma bai kai yawan da mutum zai ɓace a cikinsa ba. Wanda bai iya ba ya maimaita aji, ba roƙo ba magiya.

Sai dai akwai ɓangaren da tsarana ba sa son a taɓo. Wanda ya maimaita sau ɗaya, ya sake maimaitawa, ina yake zuwa? Gida. Yarinyar da muke zama benci ɗaya da ita, wadda ta fi ni saurin hannu a komai in ban da karatu, daga aji huɗu ba a sake ganinta ba, kuma babu rajistar da ta nuna an yi asararta. Waɗanda ba a taɓa sa su makarantar ba kuwa sun ninka mu yawa. Saboda haka in na ji wani yana cewa ɗan aji shida na da ya fi mai digirin yanzu, nakan ce masa, wane ɗan aji shidan? Wanda ya rage bayan an tankaɗe sauran. Mu tsiraru ne da muka tsallake, kuma mu ne yau muke da bakin ba da labari.

Daga baya duniya ta yanke shawarar buɗe ƙofa ga kowa, kuma ta yi daidai. A 1990 aka yi babban taro a Jomtien, ƙasar Tailan, kan ilimi ga kowa, aka sake jaddada alkawarin a Dakar a 2000. Lokacin da Kenya ta soke kuɗin makarantar firamare a 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru a azuzuwa a shekarar kaɗai. Haka abin ya kasance a ƙasashe da dama. Yara suka shigo, malamai da ɗakuna ba su ƙaru daidai da su ba. Malamin da ke da yara ɗari a gabansa ba zai iya kiran kowa gaban tebur ba, ko waliyyi ne. Maimaita aji kuma ya mutu da kansa, domin bencin da mai maimaitawa zai zauna akwai mutum uku da ke jiransa. Sai aka koma tura kowa gaba, da wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Cikin wannan yanayi na fara aiki, kuma cikinsa na ga gyare-gyaren jarrabawa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da taron bita da sabon fom.

Na farko da na tarar shi ne auna ɗalibi a tsawon zango, wato a daina rataya makomar yaro a kan jarrabawar rana ɗaya, a riƙa tara masa maki daga tes da aikin gida da aikin aji. Har gobe ina ganin tunani ne mai kyau. Amma wanda ya tsara shi yana hango malami mai aji ɗaya ne. Mu kuwa kowa na da azuzuwa biyar ko shida cike maƙil. Makon ƙarshe na zango, in ka shiga ɗakin malamai, sai ka tarar an baje takardun maki, ana cike gurabe daga ka: wannan yaron ba ya surutu, a ba shi 25, wannan ban gane fuskarsa ba, a ba shi 18 kada a zalunce shi. Ba mugunta ce ta sa su ba. An ba su aikin da sa'o'in yini ba su isa a yi shi ba, aka kuma ce lallai fom ya dawo a cike.

Sai aka ƙara wa tambayoyin zaɓi nauyi, waɗanda yara ke kira canki-canka. Wannan salo ba sabo ba ne. Wani malami Ba'amurke, Frederick Kelly, shi ya fito da shi wajen 1915 don a samu hanyar duba takardu da sauri ba tare da son ran mai dubawa ya shiga ba, kuma ta wannan fuskar ya yi amfani. Amma tunda lissafi ne sana'ata, bari in yi muku ɗan lissafi. Tambaya 100, kowacce da zaɓi huɗu. Yaro ya san amsar 20 kacal. Sauran 80 ya rufe ido ya canka. A bisa ƙiyasi zai dace da kashi ɗaya cikin huɗu, wato wasu 20. Ya tashi da 40. In makin ci 40 ne, to wanda ya san kashi ɗaya cikin biyar na darasin ya ci jarrabawa ke nan, ba tare da ya saci komai ba. Na sha yin wannan lissafin a allo a tarukan malamai. Akan yi dariya, a ce Malama ke nan, a wuce zuwa batu na gaba.

Abin da ya fi yi mana ɓarna, a ganina, shi ne lokacin da aka fara auna makaranta da shugabanta da yawan waɗanda suka ci. Daga ranar tambayar da ake yi a ofis ta canza. Da ana tambaya ko yaro ya iya. Yanzu kashi nawa muka samu bana.

A zauren duba takardu na ga inda wannan ya kai mu. Ga wanda bai san aikin ba, a lissafi maki iri biyu ne: akwai makin hanya, akwai makin amsa. Yaro zai iya kuskure amsar ƙarshe amma ya kwashe yawancin makin, in dai hanyar da ya bi daidai ce. Wannan ne daɗin aikin, don kana ganin yadda kan yaro ke juyawa, inda ya yi tuntuɓe, inda ya farga ya soke ya sake. Takardar yaro mai tunani ba ta cika tsabta ba. Wata shekara aka miƙo min ƙunshin wata cibiya, na buɗe na ga takardu fes-fes, ba ko gogewa. A wata tambaya, layi na uku, na farko ya rubuta 7 sau 8 daidai da 54. Na ja layi a ƙasa. Abin mamaki, amsarsa ta ƙarshe ta fito daidai, kamar da 56 ya yi aiki. Na biyu ma 54. Na uku 54. Har ƙasan ƙunshin, kowa 54, kowa kuma amsarsa daidai. Wanda ya warware musu a allo ne hannunsa ya zame a layi na uku, su kuma suka kwafe har da zamewar. Can wajen ƙarshe na ci karo da takardar wani bawan Allah da ya kwafe duk abin da ya gani a allon, har da wani layi a ƙasan amsa: kowa ya ɗan canza wani abu kada ya zama iri ɗaya.

Na kai wa shugaban teburinmu. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce, "Malama, cike fom." Na cike. Hukunci ya faɗa kan yaran, aka riƙe sakamakonsu. Babban da ya tsaya gaban allo da alli a hannu kuwa sunansa bai shiga ko'ina ba, domin fom ɗin ba shi da gurbin da za a rubuta shi. An bar jaki ana dukan taiki.

Kada wani ya ɗauka wannan halin talakawan ƙasashe ne kawai. A Amurka, bayan dokar da aka sa wa hannu a 2002 wadda ta ɗaure makomar makarantu da sakamakon gwajin ɗalibai, binciken da jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya gano malamai da shugabanninsu, su 178, a makarantu 44 na birnin Atlanta da hannu a gyara amsoshin yara. A 2015 kotu ta sami 11 da laifi. A Kenya kuma, da ministan ilimi Fred Matiang'i ya toshe hanyoyin fitar da tambayoyi a 2016, masu samun A a jarrabawar kammala sakandare suka faɗo daga 2,685 zuwa 141 cikin shekara ɗaya. Yaran Kenya ba su dakushe cikin wata goma sha biyu ba. Lambar farko ce ba ta gaskiya ba. Duk inda aka ce abincin babba ya dogara da makin yaro, makin zai hau, ko da karatu ko babu.

Da jarrabawar kwamfuta ta zo, kamar yadda JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, na yi murna, kuma ban janye murnar ba. Ta rage fitar tambayoyi, ta kashe zancen ɓatan takarda, sakamako na fitowa cikin kwanaki. Abin da ba ta iya ba shi ne ganin hanya. Kwamfutar ba ta san bambancin yaron da ya bi matakai huɗu daidai ya zame a na biyar da wanda ya danna C don C ta yi masa kyau ba. Kuma yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, abu biyu ake gwada shi a kai, ɗaya ba a taɓa koya masa ba.

Duk wannan ina kallonsa ne daga sama, daga ƙarshen hanya. Wanda ya saukar da ni ƙasa wani yaro ne a aji biyu na babbar sakandare, saura shekara ɗaya ya fita. Dogo ne, mai shiru, yana zama layin baya ta jikin taga. In na rubuta lissafi tsagwaronsa a allo, lambobi da alamomi, yakan riga kowa gamawa. In tambayar ta zo cikin jimla, irin ta wani ɗan kasuwa ya sayi kaza ya sayar da kaza, sai ya bar wurin fari fat. Na ɗauka raini ne. Wata rana bayan an tashi na tsayar da shi, na buɗe littafi na ce ya karanta min tambaya ta huɗu da ƙarfi.

Ya ƙura wa shafin ido. Leɓensa na motsi, sauti bai fito ba. Ya kama kalmar farko, ya kama ta biyu, a ta uku ya tsaya, ya kalli harafin farko ya faɗi wata kalma dabam da ta fara da shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na karɓi littafin na karanta masa tambayar da bakina, sau ɗaya. Kafin in ajiye littafin ya ce, "Ribar kashi goma sha biyar ce, Malama." Ko biro bai taɓa ba. Daidai ne.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun firamare, Malama. Ba wanda ya taɓa cewa in karanta ni kaɗai."

Shekara goma sha ɗaya yana zuwa makaranta. In ana karatun baki ɗaya ya bi sahu, in an rubuta a allo ya zana abin da ya gani, in jarrabawa ta zo ya canka, makin zango ya cike sauran. Ya bi ta hannun malamai da yawa da gyare-gyaren jarrabawa iri-iri, babu wanda ya gano shi, domin babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da ya bukaci wani babba ya zauna kusa da shi minti biyar ya saurare shi.

Na aika a kira mahaifinsa. Dattijo ne, ya zo da katunan sakamakon yaron a cikin leda, tun na firamare, a jere. Da na yi masa bayani ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Malama, ni ban yi boko ba. Abin da na sani shi ne in tashe shi da safe in tura shi. Duk shekara a ba ni wannan takarda a ce ya wuce. To wanne zan gaskata, ke ko takardar?"

Na ce, "Baba, ni za ka gaskata, kuma ba laifinka ba ne, ba na yaron ba ne. Ka ba ni shi da safe kafin a shiga aji."

Bayan wannan ne na fara neman abin da wasu suka yi, na kuma gane yaron nan yana da 'yan'uwa a ko'ina. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. A 2022, bayan rufe makarantu saboda korona, ƙiyasin ya kai kashi 70. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham tun 2005 take bi gida-gida tana gwada yara da takarda guda: haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, sai gajeren labari. Shekara da shekaru suna samun kusan rabin 'yan aji biyar ba sa iya karanta littafin aji biyu. Maganin da suka fito da shi ba shi da wani ƙyale-ƙyale: a raba yara bisa inda karatunsu ya tsaya, ba bisa shekaru ko aji ba, a ba su sa'a ɗaya ko biyu kullum daga nan inda suke.

Na zauna na rubuta irin wannan takardar da hannuna. Ni da wata ƙaramar malama da ta fara aiki a shekarar muka gwada 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ɗaya bayan ɗaya, a baranda. Abin da muka samu ya sa ta kuka. Akwai waɗanda ko haruffa ba su gama sani ba, kuma kowannensu da takardar shaidar gama firamare a fayil ɗinsa.

Na shiga wurin shugaban makaranta da sunayen. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa komai. Ya duba ya ce, "Malama, na ji. Amma kin san abin da za a tambaye ni a ƙarshen shekara. Ba wanda zai ce min yara nawa suka koyi haɗa baƙi. Waɗannan 'yan aji ɗaya ne, jarrabawarsu saura shekaru. Ki taimaka min da masu fita."

Na ce, "Ranka ya daɗe, masu fitan nan su ne 'yan aji ɗayan da ba a tsaya a kansu ba. Minti arba'in nake roƙo, kafin taron safe. Ba zan taɓa jadawali ba."

Ya ce in dai ba za a nemi ko sisi daga ofis ba, in je in yi.

Muka fara da harshen da yaran ke magana da shi a gida, domin wanda ya gane yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sautin da ya sani, ƙaura zuwa wani harshe ba ta yi masa wuya sosai. Dogon yaron nan ya zauna cikin ƙananan da bai wuce ya goya su ba. Makon farko ya sha tsokana, har na ɗauka ba zai dawo ba. Ya dawo. Babba in ya sa kansa yana da sauri, domin kalmomin duk suna kansa, hanyar gane su a takarda ce kawai babu. Kafin ƙarshen zango na biyu yana karanta tambayar lissafi da kansa, a hankali, yatsa a kan layi.

Ba zan ce muku ya fita da sakamakon da ake bugawa a jarida ba. Ya samu kiredit a lissafi, ya faɗi Turanci, ya sake zama a shekara ta gaba ya tsallake da ƙyar. Shekara ɗaya ba ta biyan bashin goma sha ɗaya. Adadin masu cin jarrabawa a makarantarmu ma bai motsa ba a shekarun, kuma ba a taɓa ambaton ajin safen a wani rahoto ba, tunda babu layin da za a sa shi.

Bayan na yi ritaya ƙaramar malamar nan ta ci gaba da shi, ta jawo wasu biyu. Kwanakin baya ta kira ni ta ce an kawo sabon tsari, an karɓe lokacin safen an ba bitar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, har da 'yan aji ɗaya. Na tambaye ta yadda za su yi. Ta ce sun mayar da ajin lokacin tara, yaran da kansu suka zaɓi haka, amma minti ashirin ne kawai, kuma littattafan labarai da na bar musu duk sun yayyage. Na ce ta turo wani ranar Asabar, akwai kwali biyu a ɗakina da jikokina suka girme su.